Karayar fuska da ciwon ƙashin wuya: tambayoyin da 'yan uwan masu haɗari suka fi yi

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Tambayoyin nan tattaro su na yi daga waɗanda 'yan uwan marasa lafiya ke ta maimaitawa a bakin ɗakin irjans, yawanci iyalan 'yan kabu-kabu da fasinjojinsu, da kuma mutanen da suka tsinci haɗari a hanya suna son su taimaka amma ba su san ta inda za su fara ba. Na sa lambobi don in na ce duba tambaya kaza ku same ta da sauƙi. Wannan ba ya maye gurbin ganin likita, amma dan Allah ko ba ku karanta komai ba ku karanta ta 7 da ta 8.

1. Fuskarsa ce ta fashe, me kuma ya kawo maganar wuya?

Saboda bugun da ya isa ya karya ƙashin fuska ba a fuskar yake tsayawa ba. Kan babban mutum yana kai kilo 4 zuwa 5, kuma duk nauyin nan a kan wuya yake zaune. In mutum ya faɗo daga moto haɓarsa ko goshinsa ya daki kwalta, kan yana tsayawa cak ko ya wulla baya da ƙarfi, gangar jikin kuma tana ci gaba da tafiya da gudun da ta zo da shi, to wuya ne a tsakani, shi ke lanƙwasa. Shi ya sa a koyarwar kula da masu haɗari akwai ƙa'ida da kowane likita ya sani: duk wanda ya ji mummunan ciwo daga kafaɗa zuwa sama, ana ɗaukarsa a matsayin mai karayar wuya har sai an bincika an tabbatar babu.

Abin da ke damuna a lamarin nan shi ne fuska tana jan ido, jini, kumburi, haƙora sun zube, kowa nan yake kallo. Wuya kuwa ba jini ba komai a waje, sai a manta da shi, alhali fuska ana iya gyara ta ko bayan kwanaki, laƙa kuwa in ta yanke ba a ɗinke ta.

2. Wane irin ƙashi ne a wuyan, me ya sa ake jin tsoronsa haka?

Ƙasusuwa 7 ne a jere, likitoci na kiransu C1 zuwa C7, daga ƙarƙashin ƙeya zuwa gindin wuya. In kun sunkuyar da kai kuka shafa gindin wuya ta baya, tudun da kuke ji yawanci shi ne C7. Kowane ƙashi da rami a tsakiyarsa, laƙa ta ratsa ta ciki kamar yadda zare ke ratsa 'ya'yan carbi. Laƙar nan ita ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa, ƙafafu, mafitsara, hanji, duka. In ƙashi ɗaya ya goce ko ya fashe ya danne ta, abin da ke ƙasa da wurin ya daina samun saƙo.

Inda ta taɓu shi ke nuna girman abin. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi tana fitowa ne daga C3, C4 da C5, don haka ciwon da ya kama laƙa daga nan zuwa sama yana iya tsayar da numfashi nan take. In a ƙasa ne wajen C6 ko C7, mutum na numfashi, yana iya ɗaga kafaɗa ya lanƙwasa gwiwar hannu, amma yatsu da ƙafafu su ƙi motsi.

3. Kenan duk wanda ya karye a fuska ya karye a wuya?

A'a, yawancinsu wuyansu lafiya lau. Binciken da aka yi a asibitoci daban-daban na duniya yana nuna tsakanin mutum 1 zuwa kusan 10 cikin 100 na masu karayar fuska ne ake samu da ciwon ƙashin wuya. Wanda aka naushe shi a hanci ko a muƙamuƙi wajen faɗa yana ɓangaren ƙasa na lissafin, wanda ya yi haɗarin mota ko moto, ko ya karye a wuri fiye da ɗaya a fuska, ko ya suma, yana ɓangaren sama. To amma a bakin hanya ba wanda zai iya nuna muku wane ne cikin goman, shi ya sa kowa ake riƙe masa wuya. In an riƙe na mai lafiya ba a yi asarar komai ba sai ɗan takura.

4. Wane irin haɗari ne ya fi haɗa biyun?

A nan wajenmu moto ne kan gaba, ba sai an faɗa muku ba, ku dubi yadda ake gudu a hanyar Miriya ko ta Magariya, mutum uku kan moto ɗaya ba mai kaske ko ɗaya, ga ranar Alhamis cunkoson kasuwar Dole da adaidaita da amalanke. Sai motocin da ke kifewa a manyan hanyoyi, ta Tanut ko ta Maradi, musamman waɗanda ke zaune a saman kaya, da na gaban mota da bai ɗaura bel ba fuskarsa ta daki gilashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a.

Ban da hanya akwai faɗowa daga bishiya, daga saman gini wajen magina, faɗawa rijiya, faɗowa daga doki lokacin hawan salla, kaye da ka a kokowa, da yaran da ke yin tsalle da ka cikin tafki da damina ba su san zurfinsa ba. Ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2001 tana lissafa faɗowa daga tsayin da ya wuce mita 1 ko matakala 5 cikin faɗuwa mai haɗari ga wuya. Mita ɗaya fa, ba ta ma kai tsayin katangar gida ba.

5. Amma ya tashi da ƙafarsa, yana magana, bai ce wuyansa na ciwo ba. Ba shi kenan ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yaudarar mutane. Ƙashi na iya karyewa laƙa ba ta taɓu ba tukuna, naman wuya ya ɗaure ya riƙe wurin, mutum ya tashi ya yi tafiya har ya ɗaga motonsa. Sai daga baya a wajen ɗauka, ko girgizar hanya, ko wani ya kama kansa ya juya don ya ga ciwon fuskar, ƙashin ya goce. Tafiya da ƙafa ba shaidar lafiyar wuya ba ce ko kaɗan.

Rashin jin ciwon ma akwai dalili. Zafin karayar muƙamuƙi ko na ido yana iya danne na wuya, hankalinsa duk yana can. Ga ruɗewar bugun kai, ga wanda ya sha tramol ko giya kafin haɗarin. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna NEXUS, da aka buga a 2000 kan mutum fiye da 34,000, ya kafa sharuɗɗa 5 kafin a ce mutum ba ya bukatar hoton wuya: babu zafi in an danna tsakiyar wuya ta baya, babu rauni ko mutuwar jiki a hannu ko ƙafa, yana cikin hayyacinsa sosai, bai sha abin maye ba, kuma babu wani ciwo mai tsanani da zai ɗauke masa hankali. Mai babbar karayar fuska sau da yawa wannan na biyar ɗin ke kayar da shi. Dan Allah in ɗanku ya sha wani abu ku faɗa wa likita a asirce, ba don a kunyata shi ba ne, yana canza shawarar da za a yanke.

6. Wace alama zan gani in san wuyan ya taɓu?

Ku tambaye shi, kar ku gwada da hannunku. Yana jin ciwo a ƙeya ko bayan wuya? Yana jin kamar lantarki na bi ta hannunsa, ko yatsu sun yi dindiris? Ku ce ya matse muku yatsa da kowane hannu, ya motsa yatsun ƙafa, ku taɓa ƙafarsa ku ji ko ya san an taɓa. In ya tallabe kansa da hannu biyu ya ƙi saki, ko wuyan ya karkace gefe ɗaya ya tsaya, ku bar shi a haka kar ku miƙe masa. Sauran alamomi masu nauyi su ne fitsari ko bayan gida ya kufce masa ko fitsarin ya ƙi fita, numfashi da ciki kawai ƙirji ba ya ɗagawa, ko gaban namiji ya miƙe ba dalili bayan haɗarin, wannan na ƙarshe mutane na jin nauyin faɗa amma alama ce ta laƙa kuma likita na bukatar ya sani. Wanda ya suma kuwa ba sai an nemi alama ba. Rashin duk waɗannan bai wanke wuyan ba, koma tambaya ta 5.

7. Na iske haɗari a hanya, me zan yi kafin taimako ya zo?

Da farko ku tsare wurin kar wata mota ta ƙara bi ta kansa, wani ya tsaya nesa yana tsayar da ababen hawa. Wani ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Mutum ɗaya kuma, ɗaya tak, ya durƙusa ta wajen kan mai ciwon, ya kafa gwiwar hannunsa a ƙasa, ya riƙe kan da tafi biyu ta gefen kunnuwa, ba ja ba juyawa ba dannawa a kan fuskar da ta karye, riƙo kawai yadda ya same shi. Wannan mutumin ba shi da wani aiki sai wannan har ma'aikatan lafiya su karɓe shi. Ya riƙa yi masa magana, "Malam sannu, kar ka juya kai, amsa min da baki kawai", don mutum in an kira shi daga gefe sai ya waiga.

Abin da aka saba yi kuma yake cutarwa: a kama shi ta hammata a zaunar, a girgiza shi a ga ko zai farfaɗo, a kwara masa ruwa a ka, a ɗura masa ruwa a baki, a tura jaka ko takalmi ƙarƙashin kansa a matsayin matashi, sannan mutum biyu su ɗauke shi hannu da ƙafa kai na reto a cusa a adaidaita. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, na sani, tausayi ne ke sa mutane gaggawa. Amma ruwan nan na iya sarƙe shi, kuma in za a yi masa aiki ana son cikinsa ba komai. Jini na fuska a danne shi a hankali da tsumma mai tsabta, ban da kan ido. Ba a janye shi daga wurin sai in akwai wuta ko wani abu da zai kashe shi a nan, in dole ne kuwa a ja shi a miƙe, kai da jiki a layi ɗaya.

8. Kun ce kar a motsa shi, to jini na cika masa baki yana shaƙewa, in zuba ido?

A'a wallahi. Numfashi shi ne gaba da komai, har da wuya. Nan ne karayar fuska ta bambanta da sauran ciwuka, don jini, gutsuren haƙori da amai suna gangarawa maƙogwaro in mutum na kwance rigingine, kuma in muƙamuƙin ƙasa ya karye gefe biyu harshe na rasa madogara ya faɗa baya ya toshe hanya. In kun ji yana gargara ko minshari, ku juya shi ta gefe amma gaba ɗayansa lokaci guda: mai riƙe da kai shi ke ba da umarni, mutum biyu ko uku su kama kafaɗa, ƙugu da ƙafafu, ya ƙirga ɗaya biyu uku a mirgina tare, hanci na kallon inda cibiya ke kallo, kai bai faɗi ƙasa ba. Jinin sai ya zubo waje. Abin da kuke gani a bakin ku cire, amma kar a zura yatsa can ciki ana lalube.

In kuma yana cikin hayyacinsa ya zauna da kansa ya sunkuyo gaba jini na zuba, ya ce in ya kwanta ba ya iya numfashi, kar ku danne shi da ƙarfi ku kwantar. Ku bar shi a zaune, wani ya tsaya bayansa ya tallafi kan. Kokawa da shi ta fi motsa wuyan. In haƙori ya ɓace ba a gan shi a ƙasa ba ku faɗa a asibiti, wani lokaci huhu yake shiga.

9. Yana sanye da kaske, in cire? Kuma gaskiya ne kaske na karya wuya?

In yana numfashi lafiya ku bar masa shi, a buɗe gilashin gaba kawai. Ana cirewa ne in ba ya numfashi ko yana amai a ciki, kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe wuya da haɓa ta ƙasa, ɗaya ya buɗa gefen kasken ya zare a hankali.

Maganar cewa nauyin kaske ke karya wuya kuwa na sha jin ta wajen 'yan kabu-kabu, bincike bai goyi bayanta ba. Abin da aka tabbatar shi ne kaske na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, ciwon kai mai tsanani da kusan kashi 69. Wanda ya rufe haɓa shi ya fi kare muƙamuƙi da haƙora, kuma sai an ɗaure igiyarsa, wanda aka ɗora a ka kawai shi ke fara tashi kafin mai shi ya kai ƙasa. Zafin Zinder gaskiya ne, ba na musu, amma wanda ya ga mutumin da aka ɗaure wa baki wata guda yana shan kunu da tsinke ba zai ƙara kukan zafi ba.

10. Muna ƙauye ba ambilans kusa, dole mu kawo shi da kanmu. Ta yaya?

A nemo abu mai tauri wanda ya kai tsawonsa, ƙyauren ɗaki ko faffaɗan katako, a shimfiɗa bargo. A mirgina shi kamar yadda na faɗa a tambaya ta 8, a tura katakon, a mayar da shi. A naɗe zani biyu a sa ɗaya kowane gefen kai, a ɗaure ƙirji, ƙugu da ƙafafu da rawani ko zani tukuna, sannan goshi. Kar a ɗaure kai kaɗai a bar jiki na zamewa, kuma kar a ɗaure ta kan haɓar da ta karye. Mota mai buɗaɗɗen baya ta fi, inda zai kwanta a miƙe, mai riƙon kai ya zauna wajensa har a iso, in amai ya zo a karkata katakon gaba ɗaya. Direba ya tafi a hankali wajen ramuka, minti goman da zai rage da gudu ba su kai girgizar ba. Ɗora shi a moto tsakiyar mutum biyu kuwa, wannan kar a yi.

Ku fara da asibitin da ya fi kusa, Matamai ne, Gure ne, Magariya ne, su duba numfashi da jini su sa masa koliye, wato abin da ake ɗaurawa a wuya don kar ya motsa, su ne za su rubuta takardar turawa babban asibitin ƙasa na Zinder in abin ya fi ƙarfinsu.

11. Likita ya ce "Le Fort", mene ne shi, kuma wurin karayar fuska na nuna inda wuya ya taɓu?

Sunan wani likitan Faransa ne, René Le Fort, wanda a 1901 ya bayyana layuka uku da tsakiyar fuska ta fi karyewa a kai. Na ɗaya a ƙasa ne, saman haƙoran sama, ganda da haƙora su rabu da sauran fuska. Na biyu ya haura ta karan hanci da ƙasan ido. Na uku shi ne mafi muni, fuskar gaba ɗaya ta rabu da ƙoƙon kai ta layin idanu. Na biyu da na uku ƙarfi mai yawa ke kawo su, don haka in kun ji su ku san za a tsananta binciken wuya da ƙwaƙwalwa, har da jijiyoyin jinin wuya, duba tambaya ta 16.

Wasu likitoci sun lura karayar muƙamuƙin ƙasa ta fi zuwa da ciwon ƙasusuwan wuya na sama, bugun goshi da saman fuska kuma da na ƙasa. Misali sananne shi ne haɓa ta daki gaban mota kai ya wulla baya C2 ya karye. Amma ba a dogara da wannan a ce sama kawai za a duba, wuyan duka ake dubawa daga C1 har haɗuwarsa da ƙashin baya.

12. An yi radiyo an ce ba a ga komai ba, me ya sa kuma ake cewa sikana? Ba cin kuɗi ba ne?

Na fahimci mai wannan tambaya, an riga an kashe kuɗi a ordinans, ga wani hoto kuma. Amma radiyon wuya na da iyaka. Da aka haɗa bincike da dama a 2005 aka kwatanta, radiyo ya gano kusan rabin ciwukan ne kawai, kashi 52 cikin 100, sikana kuwa kashi 98. Wurare biyu ke ɓuya a radiyo, can ƙasa wajen C7 inda kafaɗu ke tare hoton, da can sama C1 da C2. Don a ga na saman nan sai mutum ya buɗe baki sosai an ɗauka ta ciki, to mai karayar muƙamuƙi ta ina zai buɗe? Kun ga a wajen mai karayar fuska radiyo ya ƙara rauni kenan.

Shawarata, in za a shiga sikana don kai ko fuska, ku tambayi likita cikin ladabi ko an haɗa da wuya, a yi lokaci ɗaya ya fi a dawo a sake ɗaukar mara lafiya. Akwai kuma IRM, ita ke nuna laƙar kanta da jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwa, ana nemanta in mutum na da rauni a hannu ko ƙafa amma sikana ba ta nuna karaya ba. Kafin sakamako ya fito koliye na nan a wuya, in tana danna muƙamuƙin da ya karye ku faɗa wa ma'aikata su gyara ko su tallafi kan ta wata hanya, kar ku kwance da kanku.

13. Kwana da kwanaki fuskarsa a kumbure ba a yi aikin ba, sun manta da mu ne?

Yawanci ba mantuwa ba ce, jeri ne. Numfashi, jini, ƙwaƙwalwa da wuya su ke gaba. Yawancin karayar tsakiyar fuska da ta kumatu ana iya gyara su cikin sati ɗaya zuwa biyu, har ma an fi son kumburi ya sauka a ga daidaiton fuskar, muƙamuƙin ƙasa dai an fi son a yi shi da wuri cikin 'yan kwanaki. Kuma aikin fuska sai an sa barci an zura robar numfashi, wanda a al'ada sai an ɗaga haɓa an tanƙwara wuya baya, sannan likita na juya kai yana aiki. In ba a san halin wuyan ba wannan kasada ce. In an san ya karye akwai dabaru, wani ya riƙe kan ana zura robar, ko a huda maƙogwaro ta gaba a sa ta nan.

Abin da ba ya jira shi ne jinin da ya ƙi tsayawa, toshewar numfashi, da ido da ya bulluƙo ya yi tauri gani na raguwa, wannan na awowi ne, ku kira ma'aikaci nan take. A lokacin jiran kar ya fyace hanci, iska na iya shiga kewayen ido, kuma in ruwa garau na ɗiga daga hanci ko kunne kar a toshe da auduga, a faɗa wa likita.

14. Mu kai shi wajen mai ɗori mana, ai sun iya karaya.

Ba na raina masu ɗori, mutane ne da jama'a suka yarda da su tun kaka da kakanni. Amma aikinsu ja ne da murzawa da daidaitawa da hannu, kuma abin da wuyan da ya karye ba ya so kenan. A ƙafa in an ja ba daidai ba a samu gurguntaka, a wuya kuwa ja ɗaya na iya shanye hannu da ƙafa duka ko ya tsayar da numfashi. Haka tausa, haka "bari in murɗa maka wuyan ya saki", haka ƙaho a ƙeya. Addu'a da tofi a yi, ba sa motsa ƙashi, amma hannu kar ya taɓa wuyan. Muƙamuƙi ma in ya haɗe a karkace haƙora ba za su ƙara haɗuwa daidai ba, gyaransa daga baya sai an sake karya shi.

15. Tsohuwarmu ta yi tuntuɓe a tsakar gida ta faɗi da fuska, goshi ya fashe, yanzu hannuwanta ba ƙarfi amma tana taka ƙafa. Mene ne wannan?

A kai Hajiya asibiti yau, a kwance, wuya a tallafe. Da shekaru ramin da laƙa ke bi yana ƙuntata saboda ƙasusuwa sun yi tsiro, to faɗuwa da fuska na tura kai baya, laƙar ta matsu a tsakiyarta ko da ba ƙashin da ya karye. Alamarsa kenan, hannuwa sun fi ƙafafu rauni, wani lokaci da zafi kamar ƙuna a tafin hannu, ta kasa riƙe kofi ko ɗaura zani. Mutane kan ɗauka hawan jini ne ko iska. Tsofaffi kuma suna yawan karya wani ɗan ƙashi mai tsini a C2 da faɗuwa ƙarama, shi ya sa ƙa'idar Kanada da na ambata a tambaya ta 4 ta ce mai shekara 65 zuwa sama da ake zargin wuyansa a yi masa hoto kawai.

Yara ƙanana su ma nasu daban ne, kansu babba ne a kan jikinsu, wuyansu na da laushi, laƙa na iya jin ciwo hoto bai nuna karaya ba. Yaron da ya faɗi ya ce hannunsa ko ƙafarsa ta mutu na ɗan lokaci sannan ta dawo, a kai shi a duba ko da yanzu yana wasa.

16. An sallame mu da koliye, baki a ɗaure da waya. Me za mu kula da shi a gida?

Koliye ta karayar wuya yawanci sati 6 zuwa 12 ce, likita ne ke cewa a cire bayan ya sake hoto, ba ranar da ciwo ya daina ba. Da ita ake kwana. A zafin nan fata na saurin cin wuta a ƙarƙashinta, ku sa a nuna muku yadda ake goge wuyan yana kwance wani na riƙe da kai, a duba haɓa da ƙeya kullum. Ba hawa moto ko a baya, ba ɗaukar kaya a ka, salla kuma ya yi yadda likita ya yarje masa, a zaune ko da nuni, addini ya ba da wannan sauƙin. Ɗaurin baki kan kai sati 4 zuwa 6, abinci sai mai ruwa, kunu, nono, fura da aka dama ta yi ruwa aka tace, romon nama, miyar wake da aka niƙa, sau da yawa a rana don ramewa na zuwa da sauri. A kurkure baki bayan kowane ci. Ku tambaya tun a asibiti yadda za a sake ɗaurin in amai ya taso, abin yankan ya kwana kusa da shi. Taba kuwa tana hana ƙashi haɗewa, a ajiye ta.

Ku dawo asibiti ba jira in sabon rauni ko dindiris ya bayyana a hannu ko ƙafa, in fitsari ya canza, in ciwon wuya na ƙaruwa, zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da amai. Akwai kuma wani abu da ba a cika sani ba: manyan jijiyoyin jini da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta wuya suke bi, biyu daga ciki ma ta cikin ramukan gefen ƙasusuwan wuyan suke wucewa, bugu na iya yage bangonsu ta ciki jini ya daskare, sai bayan awowi ko kwanaki mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Baki ya karkace, magana ta harɗe, gani ya dushe, jiri mai ƙarfi, fatar ido ɗaya ta sauko, duk wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

17. An ce laƙarsa ta taɓu. Zai sake tafiya?

Ya danganta da ko ta yanke saƙo gaba ɗaya ko da saura. Wanda ke da ɗan motsi ko ɗan ji a ƙasa da wurin ciwon, ko da yatsan ƙafa ɗaya ne, yana da fatan samun ci gaba fiye da wanda ba ya jin komai, kuma irin na tsofaffi da na faɗa a tambaya ta 15 da yawansu ƙafa na dawowa, yatsun hannu ne ke jinkiri. A kwanakin farko likita ba zai iya yanke hukunci ba don laƙar na cikin kumburi, yawancin abin da zai dawo a watanni 6 na farko yake dawowa, wani har shekara ko fiye. Aikin da ake yi a wuya don a ɗage abin da ya danne laƙar ne a kuma kafe ƙashin da ƙarfe kar ya ƙara gocewa.

Abin da ke hannun iyali yana da yawa. A juya shi duk awa 2 dare da rana, a miƙe kamar tambaya ta 8, a duba ƙugu, mazaunai da dugadugai, in wuri ya yi ja ko ya yi duhu kar a sake kwantar da shi a kai, don gyambon kwanciya, ciwon fitsari da ciwon huhu su ne ke kashe masu ciwon laƙa bayan sun tsira daga haɗarin. Shimfiɗa ta zama busasshiya ba ƙullutu, robar fitsari a canza ta a lokacin da aka ce, a ba shi ruwa isasshe, a je wajen kine a koyi yadda ake motsa masa gaɓoɓi kullum kar su sandare. Aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya ko uwa ɗaya, tun kafin a bar asibiti 'yan uwa su zauna su raba kwana, a san wa ke juyin dare wa ke na rana.